Daga Mafarki Zuwa Ƙagaggen Labari: Abin da Ake Ɗauka da Abin da Ake Zubarwa

Matasan marubuta a Zariya, daga masu haɗuwa a Samaru da Kongo har masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, kukansu kan mafarki kusan iri ɗaya ne. Mutum ya kwana yana ganin abin da ya isa littafi guda, gari na wayewa ya ɗauki biro, sai ya tarar babu komai a kansa. Wani kuma ya samu ya rubuta shi tsaf, ya ba abokinsa ya karanta, abokin ya kai ƙarshe yana hamma. Matsaloli biyu ne daban. Ta farko ta ƙwaƙwalwa ce, domin mafarki ba ya jimawa a kai bayan an farka. Ta biyu ta sana'ar rubutu ce, domin ko an kama shi gaba ɗaya, mafarki bai zama labari ba tukuna. Auduga ce da aka tsinko daga gona da anguriyarta, sai an gurje, an shiɓe, an kaɗa zare kafin masaƙi ya sami abin ɗorawa. Yawancin masu cewa mafarki bai amfane su ba, ɗaya daga cikin biyun nan ce ta kayar da su, kuma kowace da maganinta.

Barci ba bai ɗaya yake ba daga kwanciya zuwa tashi. Zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90, mai barcin awa bakwai zuwa takwas kuma yakan yi huɗu ko biyar. A cikin kowane zagaye akwai lokacin da ƙwayar ido ke kai da komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, jiki kuwa ya saki gaba ɗaya. Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman ne suka bayyana wannan a Jami'ar Shikago ta Amurka a 1953. A wannan barcin na motsin ido ake yin mafarkin da ya fi tsawo, ya fi fitowa rangaɗaɗau, ya fi kama da labari. Abin da ya shafi marubuci shi ne yadda aka raba shi cikin dare. Na zagayen farko gajere ne, bai fi minti goma ba. Yana ƙara tsawo a kowane zagaye, har na ƙarshe ya kai rabin awa ko fiye. Ke nan wanda ya kwanta ƙarfe goma, ladan ya tashe shi wajen ƙarfe biyar, ya farka daidai lokacin da mafarki ya fi yawa. Wanda kuwa ya riƙe waya har ƙarfe ɗaya ko biyu, ya tashi Asuba, zagaye biyu ko uku ya samu, dogon rabon ma bai kai gare shi ba. Mutane da yawa da ke cewa ba sa mafarki, barcin ne bai ishe su ba, ko kuma zumbur suke miƙewa kafin abin ya zauna.

A lokacin wannan barci, sashen gaban ƙwaƙwalwa mai auna hankali da jera abu kan tsari aikinsa yana raguwa, sassan tsoro da bege da ganin hoto kuma suna aiki sosai. Shi ya sa za ka ga malaminka na firamare ya koma mai shayi a Tudun Wada, teburin shayin kuma yana kan Dutsen Kufena, ba ka ko yi mamaki ba. Wannan raguwar ce ke ba mafarki damar haɗa abubuwan da hankalin farke ba zai taɓa haɗawa ba, amfaninsa ga marubuci ke nan. Ita ce kuma ke hana shi tsari. Ga shi kuma ajiyar sabon abu a ƙwaƙwalwa tana da rauni a wannan lokaci, saboda haka mafarkin da ba a maimaita shi a rai da zarar an farka ba, cikin 'yan mintoci yake gushewa.

Kama mafarki sai da shiri tun dare. A sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, mai falle 60 ya wadatar, a ware shi don wannan kaɗai. A buɗe shi tun kafin kwanciya, a rubuta kwanan wata a sama, a saka fensir a tsakiya, a ajiye inda hannu zai kai ba sai an miƙe ba. Mai kwana cikin gidan sauro ya shigo da shi ciki. Fensir ya fi biro saboda mai rubutu a kwance yakan ɗaga tsinin sama, tawada ta ƙi saukowa. Ƙaramar tocila ta fi hasken waya, don waya na buɗewa saƙonni za su bayyana, hankali ya tafi can, mafarkin ya tafi nasa wuri. Wanda ya fi son naɗar murya, ya kashe data tun dare, ya kuma kwashe abin da ya naɗa zuwa takarda a ranar, domin muryar mai gyangyaɗi bayan mako guda shi kansa ba ya gane abin da ya faɗa.

Idan an farka, kada a juya, kada a yi magana. A zauna yadda aka farka, ido a rufe, kamar minti ɗaya zuwa biyu. A kama abu na ƙarshe da aka gani, a bi shi da baya: kafin nan ina nake, wa ke tare da ni, ta ina na shigo? Bi da baya ya fi sauƙi saboda ƙarshen ne ke nan da ɗuminsa. Sannan a rubuta kalmomi uku zuwa biyar kawai, irin su zaure, takalma, Baba, mudu. Waɗannan su ne makama. Mai alwala da masallaci a gabansa zai iya tsayawa nan, in ya dawo kalmomin za su janyo masa da yawa daga abin da ya gani. A cikakken rubutun, a yi shi kamar yanzu abin ke faruwa, ina tsaye, yana zuwa, ana kirana, domin da zarar an ce na tsaya, ya zo, hankali ya fara gyara. Gyaran nan shi ne ɓarna ta farko. Inda aka manta, a ja layi a wuce, kada a cike gurbi da abin da ya kamata ya faru. A ƙarshe a ƙara layi biyu: yadda zuciya ta ji, da abin da ya faru jiya ko shekaranjiya da ya yi kama da wani abu a ciki. A yi duk wannan a shafin hagu, a bar na dama fari don aikin da zai biyo baya.

Kwanakin farko ƙila a sami guntu ko a rasa. Ba laifi, a rubuta ko launi ne kawai aka tuna. Tunawa tana ƙaruwa da sabo. Watan azumi, da ake tashi sahur a koma, da kuma barcin ƙailula idan ya yi tsawo, sukan ba da mafarkai masu sauƙin tunawa, don yawan farkawa a tsakiyar barci shi ke ba da damar kama su.

Akwai abin da marubuci Bahaushe ba zai tsallake ba, ko da littattafan koyon rubutu na ƙasashen waje ba su ambace shi ba. A wurinmu mafarki yana da hukunci. Hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kasa shi uku: mafarki nagari wanda bushara ce daga Allah, da na tsoratarwa daga Shaiɗan, da wanda zancen zuci ne, abin da mutum ya wuni yana saƙawa. An yi umarni kada a ba da labarin nagarin sai ga wanda ake ƙauna. Mummunan kuwa a yi tofi a hagu sau uku, a nemi tsari, a juya kwanciya, kada a faɗa wa kowa. Kayan aikin marubuci, a ganinmu, kashi na uku ne, kuma shi ya fi yawa: tarkacen yini, tsoron jarrabawa, kewar mamaci, bashin da ya hana sukuni. Mafarkin da ya firgita mutum ba sai ya kwashe shi ya baza wa dubban masu karatu ba. Abin da ya rage masa, wanda ba wanda ya hana shi, shi ne sanin yadda tsoro ke kama jiki, yadda ƙafa ke nauyi, yadda murya ke maƙalewa a maƙogwaro. Da wannan sanin zai iya rubuta tsoron wani mutum a wani labari daban.

Sai kuma kashedi mai nauyi. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda ya yi da'awar mafarkin da bai gani ba, za a ɗora masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu, kuma ba zai iya ba. A nan ya kamata a bambance abu biyu. Tauraruwar labari ta yi mafarki a babi na huɗu, wannan ƙage ne cikin ƙage, mai karatu ya san da haka tun daga bango, kamar yadda mai sauraron tatsuniya ya sani tun daga "ga ta nan ga ta nanku". Amma marubuci ya fito da bakinsa a gabatarwa ko a Facebook ya ce a mafarki aka nuna masa labarin nan, alhali ba haka ba ne, don kawai a yi ta tururuwar karantawa, wannan ƙarya ce a kan mafarki kai tsaye. Haka nan ƙara gishiri a mafarkin da aka yi da gaske sannan a ba da shi da sunan abin da aka gani. Wannan ma wani amfanin raba shafin hagu da na dama ne: na hagu shaida ce, ba a taɓa ta, na dama ƙage ne, kuma da sunan ƙage zai fita. Tambayar inda ƙage ya rabu da ƙarya ba sabuwa ba ce a garin nan. Lokacin da Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar 1933, wadda ta fito da ƙagaggun littattafan Hausa na farko a boko, wahalar farko da aka sha ita ce shawo kan malamai su yarda rubuta labarin da bai faru ba aiki ne da ya cancanci mai ilimi.

Kada a taɓa mafarkin da aka rubuta sai ya kwana biyu, mako guda ko biyu. Dalili shi ne da safen da aka yi shi komai nasa yana da nauyi, saboda motsin zuciyar bai sauka ba. Bayan mako biyu za a ga yawancinsa ya mutu a takarda, abu ɗaya ko biyu ne suka rage da rai. Su ake nema. Mu ɗauka wata ɗaliba ta sami wannan a shafinta na hagu:

"Ina gidan Kaka a Birni. Zaure bayan zaure, ba ya ƙarewa. Takalma a jere a kowace ƙofa, babu mutane. Baba, wanda ya rasu, yana zaune yana awon gero, mudun ba shi da gindi. Yana magana, ƙarar jirgin ƙasa ta hana ni ji. Ba tsoro na ji ba, ji na yi kamar an manta da ni."

Abu uku za ta ja wa layi: hoton da ya ƙi barin idonta, yanayin da zuciya ta shiga, da abin da ya saɓa wa hankali. Hoton shi ne takalma ba masu su. Yanayin shi ne jin an manta da ita. Saɓanin shi ne mudu marar gindi. Ƙarar jirgin kuwa mai yiwuwa daga waje ta shigo, don mafarki yakan janyo ƙarar da ke kusa da mai barci ya saka ta cikin abin da yake nunawa, ko janareton maƙwabta ne ko kukan yaro. Irin wannan ba ya ɗauke da wata ma'ana, zubar da shi ba asara ba ce.

Daga nan sai tambayoyin farke, waɗanda mafarki bai taɓa damuwa da su ba. Takalman su wa ne? Me ya tara su? Wa aka hana shiga, me kuma yake so? Idan bai samu ba, me zai rasa? A al'adarmu takalma jere a bakin zaure taro suke nufi, ko ta'aziyya, ko ɗaurin aure, ko rabon gado. Tana zaɓar rabon gado labari ya tsaya da ƙafarsa: za a sayar da gidan gado a cikin Birni, an kira kowa ban da yarinyar da ta yi jinyar mahaifin har ya cika. Mudu marar gindi ba lallai ya fito a matsayin mudu ba. Zai iya zama bashin da marigayin ya bari, wanda duk abin da aka zuba masa ba ya cika. Mataki mai muhimmanci a nan shi ne ta cire kanta, ta ba wata mafarkin. A mafarki mutum ɗan kallo ne, abubuwa ke faruwa da shi. A labari dole a sami mai so, mai yunƙuri, mai kuskure. Ga yadda shafin dama zai iya farawa:

"Tun daga bakin zaure Hajara ta fara ƙirga takalman. Ga sau-cikin Baffa da dugadugansa suka cinye ta gefe guda. Ga silifas ɗin Yaya Babba. Ga wasu baƙaƙe masu sheƙi da ƙurar unguwa ba ta taɓa ba, alamar daga mota mai su ya sauko. Mutum goma sha ɗaya ke nan. Ƙamshin turaren wuta na fitowa ta ƙarƙashin labule. Tana yin sallama muryoyi suka yi ƙasa. 'Hajara ce? Shiga wurin Gwaggonki, muna zuwa,' in ji Baffa."

A lura da abin da aka ƙara. An ba kowane takalmi mai shi, har ya faɗi halinsa da arzikinsa. An sa ƙamshi, domin ƙamshi da ɗanɗano da wuya su fito a mafarki, gani da ji da motsi ne suka fi yawa. Rubutun da aka kwaso daga mafarki kai tsaye shi ya sa yakan zama kamar ba a ƙasa yake ba. Sai marubuci ya zuba masa warin kwata, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ɗacin goro. An kuma fito da jin an manta da ita ba tare da an faɗe shi ba, maganar Baffa ta isa. Zaurukan da ba sa ƙarewa sun koma zaure ɗaya da labule ɗaya, amma aikinsu na nan, suna tsakanin yarinyar da inda ake yanke hukunci.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane ko rubutu ya bar mafarki ya shiga labari. A ɗauki shafi guda a ƙirga "sai" da "kawai sai ga". Mafarki da su yake tafiya: sai na ga kaza, sai kuma ga kaza. A gwada musanya kowace da "saboda haka" ko "amma". Inda ya karɓa, akwai dalili tsakanin abubuwan biyu. Inda ya ƙi, ko dai a ƙirƙiro dalilin, ko a cire ɗaya daga ciki. Shafin da ba ko ɗaya da ta karɓa, har yanzu rahoton mafarki ne.

Robert Louis Stevenson, marubucin nan ɗan Sikotilan, ya bar shaida mai amfani a kan wannan. Labarinsa na Dr Jekyll da Mr Hyde da ya fito a 1886 ana yawan cewa mafarki ne ya ba shi. Amma a bayanin da shi kansa ya rubuta a 1888, ya ce ya daɗe yana neman labarin da zai ɗauki batun mutum mai hali biyu, sannan ya yi mafarkin fage biyu, na bakin taga da wanda Hyde ya sha garin magani ya rikiɗe a gaban masu bin sa. Sauran duka a farke ya yi su. Abin lura biyu ne: tambayar ta riga mafarkin zuwa, kuma rabon mafarkin a littafin kaɗan ne ƙwarai. Suratu Yusuf ma ta isa darasi ga mai son koyon saka mafarki cikin labari. Mafarkin taurari goma sha ɗaya da rana da wata aya ɗaya ce a farkon sura, ba a tsaya warware shi a wurin ba, sai can ƙarshe bayan rijiya da bauta da kurkuku ma'anarsa ta bayyana. Gajere ne, hoto ɗaya ne, kuma labarin gaba ɗaya yana tafiya zuwa gare shi.

Inda marubutanmu suka fi tuntuɓe shi ne ƙarshen nan na "firgigit ta farka, ashe mafarki take yi". Mai karatu ya bi ka shafi talatin, ya sayi data, ya yi kuka da yarinyar, sannan ka ce masa duk ba a yi ba. Ba zai yafe ba, kuma yana da gaskiya, domin yarjejeniyar da ke tsakaninku ita ce abin da ya faru a labarin yana da sakamako. Mafarki a cikin labari yana da hurumi ne idan mai shi ya farka ya yi wani abu saboda shi, ya fasa tafiya, ya je neman gafara, ya zargi wanda bai kamata ba. Idan za a cire mafarkin labarin ya ci gaba ba abin da ya canja, a cire shi. Tsawonsa kuma kada ya wuce kalma 150 zuwa 300, don mai karatu na gane mafarki ne yake fara tsallake layi, mai sauraro a YouTube kuma ya matsa gaba.

Na biyu shi ne mayar da littafin fassarar mafarki ƙamus. Littafin da ake jingina wa Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, yana hannun mutane da yawa, ko da yake manazarta suna da ja a kan cewa shi ya rubuta shi. Marubuci ya ɗauko maciji ya ce maƙiyi ne, ya sa tauraruwarsa ta yi mafarkin maciji a babi na ɗaya, kishiya ta bayyana a babi na biyu. Mai karatu ya riga ya san ƙarshe. Alamar da kowa ya san fassararta ba ta da sauran aiki. Wadda ke kama zuciya ita ce ta musamman ga wannan mutum, kamar carbin mahaifi a hannun baƙo.

Na uku ya fi haɗari, don ya wuce takarda. Mafarki da fuskokin mutanen da aka sani yake aiki: maƙwabciya, facala, malami, tsohon saurayi. A inda ganin wani yana bin ka a mafarki kan iya jawo masa zargin maita ko asiri, fitar da shi a labari yadda 'yan unguwa za su gane shi zalunci ne. Canja suna bai isa ba. A canja sana'a, shekaru, unguwa, kama, ko a haɗa mutum biyu su zama ɗaya. Littafin mafarkin kansa a adana shi inda ba mai buɗewa.

Ana iya tura wa barci tambaya. Deirdre Barrett ta Jami'ar Harvard ta gwada haka da ɗalibai a binciken da ta wallafa a 1993: kowa ya riƙa tunanin wata matsala tasa kafin barci har mako guda, kusan rabinsu kuma suka yi mafarkin da ya taɓo matsalar. Ga marubucin da labari ya cije masa, yadda ake yi shi ne ya karanta shafin ƙarshe da ya rubuta, ya taƙaita cikas ɗin a jimla ɗaya, misali me zai sa Hajara ta ɗaga labulen nan, ya rubuta ta a saman shafin hagu, ya yi addu'o'in kwanciyarsa, ya kwanta da hoton wurin a ransa. Ya ba abin mako guda. Amsa ba ta cika zuwa kai tsaye ba, takan zo a karkace, ko kuma ta faɗo da safe wajen wanka ba tare da an tuna wani mafarki ba. Kada a haɗa wannan da istihara. Istihara salla ce da addu'a ta neman zaɓin Allah a kan al'amari, ba dabarar rubutu ba ce.

Abin da ba za a yi ba shi ne neman mafarki da ƙwaya. Kodin da tiramol da danginsu suna rage barcin motsin ido ne, su bar mutum da gyangyaɗi marar amfani da kuma jaraba. Shayi mai kauri, kofi da goro bayan Magariba suna jinkirta barci su gajarta daren. Saita ƙararrawa sau uku cikin dare don farautar mafarki ma ba ya ɗorewa, kwana kaɗan za a yi a rasa kuzarin zama rubutun da rana, wanda shi ne ainihin aikin. Dannau, wato mutum ya farka ya kasa motsi yana jin kamar an hau ƙirjinsa, yana faruwa ne idan hankali ya dawo alhali sakin jikin barcin motsin ido bai wuce ba. Daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintoci, kuma ƙarancin barci da kwanciyar rigingine suna ƙara shi. Wanda kuwa mummunan mafarki guda ke ta dawo masa bayan haɗari, harin 'yan bindiga ko rashi, har yana tsoron kwanciya, wannan ya wuce batun adabi. Bayan addu'a ya nemi likita, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin hanyoyin da likitoci ke bi har da sa mutum ya sake rubuta mafarkin da rana da wani ƙarshe daban, ya riƙa maimaita sabon a ransa, amma a yi shi ƙarƙashin kulawarsu.

Waƙa ta fi zube haƙuri da mafarki, don baiti na iya tsallakawa daga hoto zuwa hoto ba a nemi dalili ba. Mai waƙa zai iya ɗaukar hoton nan ɗaya ya mai da shi amshi, kowane baiti ya zagayo ya faɗa kansa ta wata fuska. Sai dai kari da amsa-amo ba sa zuwa daga barci. Layin da ya yi daɗi a mafarki sau da yawa da safe za a tarar ya karye, ko ma ba shi da ma'ana, dole a sake auna shi da baki.

Idan littafin ya yi wata guda, a zauna a karanta shi daga farko a zama ɗaya, da jan biro a hannu. Ba labari ake nema ba wannan karon, abin da ke maimaituwa ake nema: gida guda da ake ta komawa, makara da ake ta yi, mutumin da ake ta nema a cikin taro. Abin da ya fito sau uku ko fiye a rubuta shi a bangon baya, domin shi ne batun da ke cin marubucin, kuma ya fi kowane mafarki guda ɗaya isa ya ɗauki dogon littafi. Idan an gama gajeren labarin farko, a ba mutum biyu su karanta ba tare da an gaya musu daga ina ya fito ba, a tambaye su wa ke son me, kuma me ya hana shi samu. Duk inda suka kasa amsawa, a koma wa wannan shafin a ƙara masa dalili.